Ranar da Na Ƙi Jin Hausa a Gishe

A shekarata ta biyu a Lyon ta ƙasar Faransa na samu aikin sati biyar a wani wurin wasan siki, wato zamiya a kan ƙanƙara, da ke cikin manyan duwatsun gabas, tafiyar awa uku daga birni a kar, wato babbar bas. Watan Afrilu ne, lokacin da yawancin irin waɗannan wurare suka rufe don ƙanƙararsu ta narke. Namu yana da tudu sosai, shi ya sa yake kaiwa farkon Mayu. A ƙasa inda garin yake ciyawa ta riga ta tsiro, ruwa na gangarowa ta kowace kwata, taɓo har bakin ƙofa. A sama kuwa fari fat. Masu wasa kan hau da sassafe tun ƙanƙarar na da ƙarfi. Kafin azahar ta yi laushi ta zama kamar fura mai ruwa, sai su sauko su baje a kujeru suna shan rana, fuskokinsu jawur.

Ni ban taɓa ɗaura siki a ƙafata ba. Aikina a buro yake, wato ofishin karɓar baƙi, a gishe na biyu, tagar gilashi da ake bin layi a gabanta. Ina ba da taswirar dutsen, ina gaya wa mutane lokacin tashin kar, ina ajiye safar hannu da tabarau da aka tsinta. Ina kuma sayar da tikitin telefarik, wato babban akwatin ƙarfe mai tagogi da ke rataye a igiya yana kai mutane ƙololuwar dutse. Da yawa ba wasa ke kai su ba, kallo kawai da ɗaukar hoto. Tun ranar farko shugabar buronmu, wata mace mai furfura da ta yi shekaru a wurin, ta ja mana kunne a kan abu ɗaya. Duk wanda zai hau ƙololuwa sai an gaya masa cewa iska ba ta da yawa a can, mai ciwon zuciya da mai ciki da mai jariri kada su hau. Ta ce ba karantawa kawai za mu yi ba, mu dubi idon mutum mu tabbata ya gane.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da na yi.

Daga Damagaram na zo. Da na sauka a Paris, gidan gwaggona na zauna a La Courneuve, hawa na tara, shekara ɗaya da rabi. Gwaggo ta riƙe ni da kyau, ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma da matan unguwa suka ji cewa ƴar ɗan'uwanta ta yi boko mai zurfi, sai na zama bakin kowa. Wannan a raka ta likita, waccan a karanta mata takardar gida, wata a kira mata lakkal, makarantar ƴarta. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina da jarrabawa gobe. In na nuna gajiya gwaggo ta ce, “Lada ne, ƴata.” Na san lada ne. Duk da haka ranar da na samu gurbin karatu a Lyon, a cikin jirgin ƙasa na yi wa kaina alkawari cewa na gama zama tafinta.

A Lyon na gyara bakina. Nakan saurari rediyo ina maimaitawa har lafazin gida ya ɓace daga Faransancina. A wurin aikin dutse, da aka tambaye ni daga ina nake, na ce daga Paris. Ba ƙarya ce tsantsa ba, haka na gaya wa kaina. Wadda ke gishe na ɗaya kusa da ni, wata yarinya mai yawan ba'a, takan kwaikwayi maganar baƙi bayan sun tafi, har da ta baƙaƙen fata. Nakan yi dariya tare da ita.

Ranar Asabar ta sati na huɗu wata ƙungiyar unguwa daga Minguettes, a gefen Lyon, ta kawo kar biyu cike da iyalai. A ƙarshen lokaci ake irin wannan fita, don komai ya yi araha kuma sanyi ya ragu. Buro ya cika da hayaniya, mata da manyan riguna a kan atamfa, maza na neman ban ɗaki, yara na jan iyayensu waje. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya layina ya kai bakin ƙofa.

Tun suna mutum na huɗu a layi na ji su. Dattijo ne dogo, siriri, da hula zanna da wata jibgegiyar riga ta aro da ta yi masa gajarta a hannu. Matarsa gajera ce mai jiki, ta yafa mayafi ruwan toka a kan hular ulu. Hausa suke yi, irin ta mutanen Chadi, da ɗan Larabci a ciki. Daga hirarsu na gane cewa sun zo ganin ƴarsu ne, ba su fi wata biyu a ƙasar ba, kuma ƴar ta tafi da jikoki wurin koyon siki ta bar su su ɗan zaga.

Da suka iso gabana matar ta ƙura mini ido, ta taɓa hannun mijinta.

“Alhaji, yarinyar nan kamar tamu ce. Dubi goshinta.”

“Ke dai,” in ji shi. “Ƴaƴan nan ne, a nan aka haife su.”

Ba ta yarda ba. Ta matso da fuskarta kusa da gilashi ta yi murmushi ta ce, “Sannu, ƴata. Ina kwana?”

Amsar tana bakina. Tun ina ƙarama ba a taɓa gaishe ni haka na yi shiru ba. Amma na hango abin da zai biyo baya. Za a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gari da iyaye, layi na jira, wadda ke gishe na ɗaya ta kasa kunne tana tara abin ba'ar gobe. Daga nan kuma su manne mini har yamma, su kirawo wasu. Na yi irin murmushin da aka koya mana, na ce, “Bonjur, madam.”

Murmushinta ya ɗan rage. Ta ja da baya.

Alhaji ya ɗaga yatsa biyu ya nuna hoton ƙololuwar dutse da ke jikin bango. Yana da ƴan kalmomin Faransanci na kasuwa, da su ya nemi tikiti biyu. Na karanto masa gargaɗin kamar yadda na saba, da sauri, cikin Faransancina mai kyau. Ya gyaɗa kai tun ban kai ƙarshe ba.

“Me ta ce?” in ji matar.

“Ta ce akwai sanyi a sama.”

“To ai mun sani.” Ta gyara masa wuyan riga. “Ka sha maganin zuciyar naka da safe?”

“Na baro shi a gida. In mun koma na sha.”

“Kullum haka kake.”

“Shekara nawa ina tuƙa babbar mota a cikin rairayi ban mutu ba, sai dutse?”

Duk na ji. Ba wata kalma da ta wuce ni. Hannuna na kan injin tikiti, kuma na tuna har na ɗan dakata. Abin da na yi shi ne na zaro wata takarda mai hoton zuciya da jan layi a kai, na tura masa ta ƙarƙashin gilashi, na ɗora yatsa a kan hoton. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya ɗauka taswira ce. Na ga haka. Na ba su tikiti, na ce na gaba.

Na gaya wa kaina cewa na cika doka, na faɗa da baki kuma na nuna a takarda. Na gaya wa kaina cewa tsofaffi nawa ke hawa kullum su sauko lafiya. Da wannan na ci gaba da aiki kusan minti arba'in.

Sai rediyon da ke teburin shugaba ya yi ƙara. Masu ceto ne daga sama. Wani dattijo ya faɗi a bakin wurin kallo, yana numfashi amma da ƙyar, matarsa na ta magana ba wanda ke ganewa. Suna son sanin ko yana da wani ciwo da kuma maganin da yake sha. An kira lambar da ke wayar matar, ba a ɗauka ba. Shugaba ta fito tsakiyar buro ta tambaya ko cikin mutanen kar akwai wanda ya san yarensu, amma duk sun watse waje.

Na miƙe.

“Ni na san yarensu,” na ce.

Shugaba ta dube ni, wadda ke gishe na ɗaya ma ta juyo. Ba wadda ta tambaye ni yadda aka yi na san ko wane yare ne tun ban ji shi a rediyo ba. Shugaba ta miƙo mini rigarta mai kauri ta ce in ruga.

Minti goma sha biyu telefarik ke yi kafin ya kai sama. An tsayar da layin mutane aka saka ni ni kaɗai da wani ma'aikaci. A ƙarƙashinmu masu wasa na zamewa, wasu da riga mai gajeren hannu don rana ta yi zafi. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A cikin addu'ar ma ban tsarkaka ba, don rabin zuciyata roƙo yake kada ya mutu saboda shi, rabi kuma kada ya mutu saboda ni.

Na same shi kwance a kan benci a ɗakin masu ceto, an rufe shi da bargo mai ƙyalli, an sa masa robar iska a hanci da baki. Leɓɓansa sun yi toka. Hularsa na ƙasa. Matarsa, Hajiya, na zaune dirshan a kan siminti mai jiƙe, takalminta ɗaya ya fita, tana riƙe da ƙafarsa tana salati.

Na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, sannu. Sannu. Wane magani Baba yake sha?”

Salatin ya tsaya. Ta ɗago kai ta dubi fuskata, ta dubi rigar aikin da ke jikina, ta sake duban fuskata. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. A wurina ya yi tsawo ƙwarai. Daga nan ta buɗe jakarta ta zaro wata takardar likita da ta tsufa a ninke ta miƙo mini, ta fara ba da amsa. An taɓa kwantar da shi a Injamena shekara biyu da suka wuce. Ƙwaya biyu yake sha, fara da safe, ƙarama da yamma. Yau bai sha ba. Tun a cikin akwatin ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya ce zai wuce. Ina juyawa zuwa Faransanci, mai ceto na faɗa wa likita ta rediyo. Muryarta ba ta rawa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka tambaye ta ba.

Aka sauko da shi a kan gadon ɗauka, mu ma muka shiga tare. A hanya ya buɗe ido ya ji ina yi wa matarsa bayanin inda za a kai shi. Ya ɗaga robar kaɗan ya ce, “Ƴar wa ce?” Hajiya ta mayar masa da robar ta ce ya yi shiru.

A ƙasa motar asibiti na jira. Can sai ga ƴarsu ta taho da gudu cikin takalman siki masu nauyi, tana tuntuɓe a taɓo. Wayarta na cikin jaka a wurin ajiya, shi ya sa ba ta ji kira ba. Da mai ceto ya nuna ni ya ce ni ce na yi tafinta, sai ta rungume ni tana kuka tana cakuɗa Hausa da Faransanci. “Allah ne ya kawo ki, ƴar'uwa. Mersi, mersi. Da ba ke ba fa?” Ta karɓi lambata. Hajiya ta riga ta shiga mota, tana kallon gabanta.

Sati na ƙarshe a wurin aiki ya fi mini kowane wuya. Labari ya zaga. Masu ceto suka aiko mini da cakulan. Ranar rufewa, da rana, bayan an gama wasan da suke yi kowace shekara na tsallake kududdufi a kan siki cikin kayan ban dariya, aka tara ma'aikata a farfajiya. Shugaba ta kira ni gaba ta ce irin wannan ake nufi da karɓar baƙi. Aka tafa. Ta ce baɗi in na dawo za a rubuta Hausa a ƙarƙashin sunana, cikin harsunan da nake ji. Na tsaya ina murmushi. Sau biyu a satin nan na je ƙofar ofishinta da niyyar faɗa mata, sau biyu na ɓige da tambayar wani abu dabam. Wadda ke gishe na ɗaya ce kaɗai ta ce mini, muna haɗa kaya, “Su ne waɗanda suka sayi tikiti a wurinki, ko?” Na ce e. Ba ta ƙara ba, kuma ba ta yi ba'a ba.

Bayan na koma Lyon da sati biyu ƴar ta kira ni. An sallamo Alhaji, yana son ganina, in zo cin abinci ranar Lahadi. Na nemi uzuri ban samu wanda zai tsaya ba. Na sayi dabino da lemu, na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layin Vénissieux, na hau tiram, jirgin kan titi, zuwa Minguettes. Hawa na goma sha ɗaya suke.

Alhaji na kishingiɗe a falo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da na durƙusa na gaishe shi ya ɗora hannu a kaina ya daɗe yana sa albarka. Bai gane ni ba. Bai haɗa yarinyar gishe da wadda ya gani a sama ba, ko kuma ciwo ya shafe masa safiyar. Ya ba surukinsa labari, ga alama ba karo na farko ba, yadda yana kwance a saman duniya tsakanin Nasara, ya fid da rai, sai ya ji Hausar Damagaram a kunnensa. Kowa ya ce Allahu akbar. Ni ina kallon kafet.

Can Hajiya ta leƙo daga madafa ta ce, “Ƴata, zo ki kama mini.”

Na shiga. Ta tura ƙofa da ƙafa. Tana kwashe tuwon semul a kwanoni, miyar kuɓewa busasshiya na tafasa a gefe. Ta miƙo mini mara ta nuna tukunya. Muka yi ta kwasa.

“Mahaifiyarki na da rai?” ta tambaya.

“Tana nan, Inna.”

“Allah ya ƙara mata lafiya.” Ta rufe kwano ɗaya. “Kin ji lokacin da na tambaye shi magani.”

Ba tambaya ba ce. Na ce, “Na ji, Inna.”

“Na gaishe ki.”

“Kin gaishe ni.”

Na fara cewa wani abu a kan layi da yawan mutane, sai na ji yadda maganar ke fita, na bari. Hawaye suka zo. Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ci gaba da aikinta har na share fuska da bakin gyale.

“Ban gaya wa Alhaji ba,” ta ce. “Ban gaya wa ƴata ba. Kada ki ce don ke ne. Mutumin nan yana kwana yana tashi da cewa Allah ya aiko masa ƴar Hausawa a kan dutse. Abin da yake riƙe da shi ke nan, ba ni zan ƙwace masa ba.” Ta ɗanɗana miya ta ƙara gishiri. “Ni ma na san bai sha maganin ba, na bi shi muka hau. Kowa da nasa.”

Na ce ta yafe mini.

“Ɗauki wannan ki kai musu, zai huce,” ta ce, ta ɗora mini tire a hannu.

Na ci abinci a gidan, ban san ɗanɗanonsa ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin asansar, akwatin da ke saukar da mutane daga bene, ta damƙa mini ƙullin kilishi, ta ce in gaida mahaifiyata in mun yi waya. Har ƙofar ta rufe ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Sun koma Chadi da damina. Ƴar ta gaya mini likita ya ce zuciyar ta riga ta gaji, abin da ya faru a kan dutse zai iya faruwa a matakalar gida. Wataƙila haka ne. Abin da na sani shi ne kafin ranar yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, yanzu kuwa masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi. Ban koma aikin dutse ba, ko da shugaba ta rubuto mini har sau biyu.

Kowace Sallah Alhaji kan aiko mini da saƙon murya ta waya. Yakan yi minti uku ko huɗu, yana tsayawa ya huta a tsakiya. Yana roƙa mini miji nagari da aiki mai albarka, yana roƙon Allah ya tsaya mini a inda ba ni da kowa. Wani lokaci ina jin muryar Hajiya a bayansa tana magana da wani a tsakar gida. Nakan saurara har ƙarshe, in danna in ce, “Amin, Baba, na gode. A gaida Inna.”